Ɗaukar hoton rana da kamara, wai da gaske yana lalata ido?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana harkar hoto ina neman ƙarin bayani. Kamarar DSLR ce dani da lens mai zum 70-300, kwanan nan kuma sha'awar ɗaukar rana ta kama ni, ba wai faɗuwar rana ba, ita kanta ƙwallon ranar nake so in jawo ta da zum in ga ko baƙaƙen ɗigo-ɗigon nan da ake cewa suna jikinta zasu fito. To na duba ɗan littafin da ke zuwa da kamara sai naga sun rubuta kar a kuskura a kalli rana ta wurin leƙe, har da wai in rana ta shiga lens tana iya tada wuta a ciki. Ni dai na ɗauke shi irin gargaɗin nan da kamfani ke rubutawa don kar a kai su kotu, amma fa ido ba abin wasa bane shi yasa nace bari in tambaya.

In na matse afaca, wato ƙofar hasken lens, zuwa f/22 na sa shata, labulen da ke buɗewa a ɗauki hoto, a 1/4000 na daƙiƙa ai hasken ya ragu sosai ko? Sannan ina da ND filta, baƙin gilashin nan na rage haske, mai stop 10 wadda nake ɗaukar ruwa mai gudu da ita, in na ɗaura ta ta isa? Ko in ƙara da baƙin tabarau kafin in leƙa? Ba daɗewa zanyi ba, daƙiƙa biyu uku in saita in danna kawai.

Dan_Kasada:

Wslm. Malam kar su tsorata ka, mu kullum cikin ɗaukar faɗuwar rana muke kuma idonmu ƙalau. Sa ND ɗinka ka matse afaca ka yi sauri, shikenan. Masu rubuta littafin nan ko wuƙa suka sayar maka sai sun rubuta tana yanka.

Baba_MaiFim:

Ɗan Kasada sunanka ya bi ka, amma dan Allah kar ka yi kasada da idon wani.

Sabon Hannu ka tsaya ka ji yadda kamararka take aiki, in ka gane wannan sauran duk zaka iya amsa ma kanka. A DSLR akwai madubi a kwance a karkace bayan lens, hasken da ya shigo yana dukan madubin ya hau sama ya bi ta firizam ya fito ta wurin leƙe kai tsaye zuwa idonka. Babu lantarki a tsakani, babu abin da ke tace shi, ko kamarar a kashe take in ka leƙa zaka gani. Wato hasken rana na ainihi ne ke shiga idonka, wanda lens ya tara.

Maganar f/22 da 1/4000 kuwa ba ruwansu da idonka ko kaɗan, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Shata tana bayan madubi ne, aikinta ta buɗe wa sensa, wato abin da ke karɓar hoton, lokacin da ka danna, ita ba ta kan hanyar da ke zuwa ido. Afaca kuma ko ka sa f/22 a sikirin, kamarar tana barinta a wangale gaba ɗaya don ka samu hasken gani da na fokas, sai a daidai lokacin da ka danna take matsewa ta sake buɗewa. Kenan duk tsawon lokacin da kake leƙe kana neman ranar kana saita ta a tsakiya, lens ɗin a buɗe yake iyakar buɗewarsa.

To yanzu yi lissafi. Lens ɗinka a 300 yawanci f/5.6 yake, raba 300 da 5.6 zaka samu kusan milimita 54, faɗin ƙofar da haske ke shiga kenan. Ƙofar idonka, ɗan baƙin nan na tsakiya, a cikin rana tana tsukewa ta koma milimita 2 zuwa 3. In ka kwatanta filin biyun, lens yana kwasar haske sama da sau 300 na abin da ido zai kwasa shi kaɗai. Gaskiya ne ba duka ke isa idon ba, akwai wani gilashi mai dishi-dishi a saman madubi da ke watsa wani kaso, amma ka tuna ido tsirara ma ba ya jure rana balle an tara masa ita. Yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma, aikin ɗaya ne, sai dai lens ɗinka ya fi nasu inganci nesa ba kusa ba.

ND mai stop 10 tana rage haske kusan sau 1,000. Filtar rana ta gaske tana rage shi sau 100,000, wajen stop 16 da rabi. Ka ga taka tana barin ninki 100 na abin da ya kamata ya wuce. Kuma ba ma wannan ne ya fi damuna da ita ba, ND an yi ta ne don hasken da ido ke gani, babu wanda ya yi maka alƙawarin ta tare infared da UV, hasken da ido ba ya gani. Sai ta dusashe ranar ta yi maka daɗin kallo, idonka ya daina ƙiftawa, ƙofarsa ma ta ɗan ƙara buɗewa tunda ya ga duhu, alhali hasken da ba ka gani yana ta wucewa. Ni a ganina filtar da ta yi duhu amma ba ta rana ba ta fi babu filta haɗari, don in babu komai hasken da kansa zai kore ka. Baƙin tabarau shima haka, kar ma ka kawo shi cikin lissafi.

Abin da zaka yi: ka nemi filtar rana da aka yi don wannan aikin, akwai ta leda mai sheƙin azurfa irin Baader AstroSolar, akwai na Thousand Oaks Optical, akwai na gilashi. A GABAN lens ake sa ta, gaba can inda haske ke fara shiga, ba a baya ba, ba tsakanin idonka da wurin leƙe ba. Ka lura Baader kala biyu suke yi, 5.0 da 3.8, ita 3.8 ta hoto ce zalla ba a leƙa ta da ido. Sannan ka kunna live view ka yi aikinka ta sikirin, wurin leƙen ma ka rufe shi da murfinsa ko ka manna masa tef don hannu ya saba ɗaga kamara zuwa ido ba tare da ka yi tunani ba.

Anti_Nas:

Baba ya gama maganar kamara, bari ni in faɗi ɓangaren ido tunda a sashen ido nake aiki, musamman maganar nan ta "daƙiƙa biyu uku" da kuma "idonmu ƙalau".

A can bayan ido akwai wani tantani da ake kira retina, shi ke karɓar hoto. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri ƙanƙani, makula, da shi kake karatu, da shi kake gane fuskar mutum, da shi kake duba ko hotonka ya yi fokas. Duk abin da ka zuba wa ido a nan yake sauka, to in rana ka zuba wa ido ita ma nan zata sauka, ba gefe ba. Shi kuma tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Yana lalacewa ba zaka ji komai ba wlh, ba raɗaɗi ba ƙaiƙayi. Shi yasa mutum zai ce ai na kalla ban ji komai ba, eh ba zaka ji ba dama.

Ɓarnar iri biyu ce. Akwai wadda haske mai ƙarfi, musamman shuɗi, ke haddasawa ta hanyar sinadaran da ke cikin ƙwayoyin gani, wannan ita ta fi samun masu kallo da ido tsirara. Akwai kuma ƙuna ta zafi, wadda ke zuwa in an tara hasken da teleskof ko tabaron hangen nesa ko dogon lens, ita wannan ba ta jiran ka ƙirga daƙiƙa, kafin ka janye kai an gama. Babu wani likitan ido da zai ba ka adadin daƙiƙa yace wannan ba komai.

Alamun ba sa fitowa nan take, sai bayan wasu awanni, wani ma sai washegari ya tashi yaga wani tabo a tsakiyar ganinsa, baƙi ko toka-toka ko rawaya, duk inda ya juya ido tabon na biye da shi. Wani layi miƙaƙƙe zai riƙa ganinsa a lanƙwashe, rubutu ya ɓace masa a tsakiya, kala ta canja, ga ciwon kai. Mai kamara kuma ido ɗaya yake leƙe da shi, to ɗayan idon mai lafiya sai ya rufa wa mai ciwon asiri, mutum ya daɗe bai san ya samu matsala ba sai ran da ya rufe ido ɗaya. Ɗan Kasada gwada ka gani, rufe hagu ka karanta ƙaramin rubutu da dama, sannan ka juya. Ba fata nake maka ba.

Bayan husufin 21 ga Agusta 2017 a Amurka likitoci a New York sun ɗauki hoton bayan idon wata matashiya da ta kalli husufin, tabon da suka gani a retina ɗinta siffar jinjirin wata gare shi, daidai siffar ranar a lokacin da ta kalla. Ranar ta buga hotonta a cikin idon kenan.

Magani kuma gaskiya babu wani tabbatacce, babu ɗigo babu tiyatar da zata maida ƙwayoyin da suka mutu. Da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin wata 3 zuwa 6, wasu kuma tabon ya zauna har abada. Ba makanta ce ta duhu gaba ɗaya ba, gefe-gefe mutum na gani, amma ka yi tunanin mai hoto da rami a tsakiyar ganinsa. Duk wanda ya ga irin alamun nan yaje a duba shi, akwai na'urar OCT da ke nuna tantanin dalla-dalla, don wani lokacin ma ba ranar bace wata cutar ce daban mai magani. Yara kuma a fi sa musu ido, lens ɗin idonsu garau yake yana barin haske ya wuce fiye da na manya.

Sabon_Hannu:

Kai, Allah ya saka da alheri Baba da Anti, maganar afaca a buɗe ɗin nan ban taɓa sani ba. To Baba in ta sikirin zan duba ai ido ya tsira ko, kenan ko ba filtar rana zan iya da ND ɗina? Sannan ina da tabaron kallon husufi na kwali, in na sa shi na leƙa fa? Wani kuma yace min gilashin masu walda yana yi. Waya fa, ita ma haka?

Baba_MaiFim:

Ido ya tsira, kamara ba ta tsira ba. Sikirin ba zai iya fitar da hasken da ya fi ƙarfinsa ba, komai ƙarfin rana iyakarsa ya yi fari fat, haka ma wurin leƙen kamara marar madubi tunda shi ma ɗan ƙaramin sikirin ne a ciki. Amma a live view madubi ya ɗaga, shata a buɗe, ranar da lens ya tara tana zaune a kan sensa duk tsawon lokacin. A 300 hoton ranar a kan sensa bai kai milimita 3 ba, duk hasken da ƙofa mai milimita 54 ta kwaso an matse shi a wannan ɗan ɗigon. Bayan husufin 2017 ɗin da Anti ta ambata kamfanin hayar kayan hoto na Lensrentals ya nuna kayan da aka dawo masa da su, akwai afaca da ta narke, akwai shata da sensa da suka ƙone, har madubi. Tsofaffin kamarori masu shata ta yadi irin Leica kuwa tun da can an san rana na huda su in ka ajiye kamara tana kallon sama ba murfi. To gargaɗin littafinka ba na tsoron kotu bane kawai.

Akwai masu haɗa ND mai stop 16 zuwa sama su ɗauka ta sikirin kaɗai, ana sayar da irinsu don hoton rana, wannan tsakaninsu da kamararsu ne. Taka mai 10 ba ta kai ba. Kuma ko mai 16 ɗin ba a leƙa ta.

Tabaron husufi, in na gaske ne mai lambar ISO 12312-2, an yi shi ne don ido tsirara ya kalli rana tsirara. In ka sa shi ka leƙa ta kamara ko tabaron hangen nesa to ka ajiye 'yar siririyar leda a inda aka tara zafi, zata iya narkewa ta huje idonka na bayanta a buɗe. Wannan kuskuren yafi kowanne ban tsoro don mai yinsa gani yake ya yi taka-tsantsan. Dalilin ɗaya ne yasa ƙananan filtocin da ake ɗaurawa a wurin leƙen teleskof masu arha, waɗanda aka rubuta SUN a jikinsu, ake cewa a jefar da su, zafi na fasa su ana cikin kallo. Amma tabaron naka zai maka amfani, ka sa shi lokacin da zaka ɗaga kai ka duba inda ranar take.

Gilashin walda lamba-lamba ne. Mai lamba 14 ana kallon rana da shi da ido, amma yawancin wanda ke hannun masu walda bai kai haka duhu ba, kuma in ba a rubuta lambar a jiki ba baka da hanyar sani. A hoto ma ba shi da kyau, kore zai maida maka ranar kuma ba zata fito tas ba. Fim ɗin eksire, faifan CD, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, kallon rana a cikin ruwa, duk ka watsar.

Waya lens ɗinta ƙarami ne, kuma ta sikirin kake gani, ɗauka ɗaya da sauri ba kasafai take mata illa ba sai dai in ka daɗe kana haska ta. Matsalar waya ita ce kai, ka ɗaga ta sama kana saitawa idonka na zamewa ta gefenta yana faɗawa kan rana. Kuma ɗigon fari kawai zaka samu, ba abin da kake nema ba.

Neman rana da dogon lens ba tare da ka kalle ta ba, ga dabara: ɗora kamara a kan ƙafarta, sa filta tukuna, ka juya wa rana baya ka kalli inuwar kamarar a ƙasa, ka riƙa juya ta har inuwar lens ta tsuke ta zama ƙarama iyakar ƙanƙantarta, a nan ta fuskanci rana. Fara da 70 ka same ta a sikirin sannan ka ja zuwa 300. Kafin kowane amfani ka ɗaga filtar ga fitila mai ƙarfi ka duba ko ta huje ko ta karce, in ta huje ta gama aiki. Ka kuma ɗaure ta da tef sosai, iska ko hannun yaro na iya cire ta.

Dan_Kasada:

To naji Baba, na sauka daga kan ND. Amma faɗuwar rana fa? Duniya kaf ana ɗauka ba wanda ke sa filtar azurfa, in ka sa ma ai komai baƙi zai fito sai ƙwallon kaɗai. Kuma ance Galileo ma kallon rana ne ya makantar da shi amma sai da ya shekara nawa yana yi.

Tauraruwa_Zahra:

Maganar Galileo ɗin nan yawo kawai take yi. Aikinsa kan ɗigon rana wajen 1612 zuwa 1613 ne, makantarsa kuwa sai wajen 1638 yana da shekara saba'in da wani abu, masana sun fi danganta ta da yanar ido da hawan jinin ido. Kuma yawancin zanensa ba leƙe ya yi ba, hoton ranar yake saukewa daga teleskof a kan farar takarda ya zana, dabarar da ɗalibinsa Castelli ya kawo. Wanda ya taɓa kansa da gaske Newton ne, ya kalli rana a madubi da gangan don gwaji, tabon ya ƙi barin idonsa sai da ya kulle kansa a ɗaki mai duhu kwana 3, shi da kansa ya ba John Locke labarin a wasiƙa a 1691.

Faɗuwar rana kuma kana da gaskiya rabi. In ta taɓa ƙasa haskenta na ratsa iska mai kaurin kusan sau 38 na lokacin da take tsakar ka, shi yasa take ja take laushi. Da lens mai faɗi, rana 'yar ƙarama a gefen hoto, ba wanda zai ce ka sa filta. Amma iska shuɗi ta fi cinyewa, infared ya fi samun wucewa, kuma ba kullum take dusashewa daidai ba, ran da sama ta yi garau rana na da ƙarfi har dab da faɗuwa, in ta ɗan ɗaga sama kaɗan ma lissafin ya canja gaba ɗaya. Da 300 ni ko a faɗuwar ta sikirin nake yi, in ɗauka in kauda lens. Me zai sa in leƙa tunda sikirin na nan?

Sabon Hannu in husufi kake hari nan gaba, akwai babba ranar 2 ga Agusta 2027 da zai bi ta kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya har Yaman da Somaliya, a wajen Luxor duhun zai wuce minti 6. Wanda ke cikin layin da cikakken duhun zai bi ne kaɗai zai cire filta, shima sai wata ya rufe ranar ruf, da gefenta ya fara ɓullowa a maida. Wanda ke wajen layin ko kashi 99 aka rufe filta ba ta fita, haka husufin zobe, wanda wata ke barin gefen rana a buɗe kamar zobe, ba a cirewa daga farko har ƙarshe. Ka fara gwaji tun yanzu da rana ta yau da kullum, ka saita kamara a ISO 100, f/8, shata ka fara daga 1/500 kana gyarawa don kowace filta da nata hasken, fokas da hannu kana zuƙo gefen ranar a sikirin. Ɗigon da kake nema in manya ne suna fitowa a 300, sai dai ka yanke hoton daga baya, kuma yawansu na hawa da sauka ne duk wajen shekara 11.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai. Zaren gaban lens ɗin nawa milimita 58 ne, in ledar na samu zan yi mata gida da kwali yadda zata shige bakin hud, hular nan ta gaban lens. Baba in ta ɗan yi tamoji ba matsala ko sai na ja ta ta miƙe?

Baba_MaiFim:

Kar ka ja ta. Tamoji kaɗan ba ya taɓa hoto, jan ne ke ɓata shi. Ka bar ta sakwa-sakwa tsakanin zoben kwali biyu, ka tabbata dai babu ta inda haske ke satar shiga ta gefe.